Darasin Kiwon Lafiya: Katin Taimakekeniya Domin 'Ya'yan Masu Ƙaramin Ƙarfi

Ciwon yaro ba ya sallama kafin ya shigo gida. A ƙasar Gwarzo da Kabo ya fi zuwa da damina, daga watan Yuli zuwa Oktoba, lokacin da sauro ya yi yawa. A daidai wannan lokaci ne hatsin rumbu yake yin ƙasa. Kuɗin hannu kuma sun tafi wajen taki da ƙwadago. Sai zazzaɓi ya kama yaro, maigida ya shafa aljihu ya ji babu komai.

Abin da yakan biyo baya kowa ya san shi. A ce bari a gani zuwa gobe. A sayo ƙwaya biyu a kemis. Idan jiki ya ƙi, a ja akuya zuwa kasuwar Getso a sayar da ita a wulaƙance, ko a ci bashi a kan za a biya da kaka. Kafin kuɗi su haɗu an yi kwana uku. Ciwon da ƙwaya za ta kashe ya koma na ƙarin jini.

Wannan darasi yana bayani ne a kan wata hanya da aka tanada domin kauce wa wannan jinkiri. Ita ce taimakekeniyar lafiya. Gwamnati tana biyan kuɗin maganin wasu yara tun kafin su kwanta ciwo. Amma sai yaron da sunansa ya shiga rajista ne yake cin moriyar abin.

Girman Matsalar

A shekarar 2018 an yi babban binciken lafiya a duk faɗin Nijeriya. An gano cewa cikin yara 1,000 da aka haifa a ƙasar, 132 sukan rasu kafin su cika shekara 5. A Jihar Kano adadin ya kai 164. Wato kusan yaro 1 cikin kowane 6.

Cututtukan da suka fi ɗaukar ran yara ba baƙi ba ne. Su ne zazzaɓin cizon sauro, da gudawa, da ciwon haƙarƙari wanda ake kira limoniya, da matsalolin jarirai a kwanakin farko. Tamowa kuma tana ƙara musu ƙarfi. Yawancinsu suna da magani, kuma maganin yana aiki idan an fara shi da wuri.

Akwai wani lissafi kuma. Cikin kowace Naira 100 da ake kashewa wajen neman lafiya a Nijeriya, fiye da Naira 70 daga aljihun marar lafiya ko danginsa suke fita. Mai hali yana biya ya wuce. Talaka kuwa sai ya tsaya yana tunani, ciwo yana ci gaba.

Mece Ce Taimakekeniya?

Taimakekeniya tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa. Idan gonar mutum ta fi ƙarfinsa, sai a yi masa gayya. Idan za a ɗora jinka, sai maƙwabta su kama, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar ta. Mata kuma sun san adashi.

Taimakekeniyar lafiya ta yi kama da adashi, amma akwai bambanci. A adashi kowa yana zubi, kowa kuma yana kwasa idan layinsa ya zo. A taimakekeniyar lafiya kowa yana da zubi, amma wanda ciwo ya kama shi ne ake yi wa hidima da kuɗin. Wanda shekara ta zagayo yana lafiya bai yi asara ba. Ya sami lafiya, kuɗinsa kuma sun ceci ɗan wani.

Ga misali na lissafi. A ce gidaje 100 kowanne ya zuba Naira 1,000. An tara Naira 100,000 ke nan. A ce yara 10 suka kwanta, maganin kowanne ya ci Naira 8,000. Jimla Naira 80,000. An biya duka, har an sami ragowar Naira 20,000. Da kowane uba shi kaɗai zai nemo Naira 8,000 a rana guda, da wasu sun kasa.

Wannan shi ne abin da ake kira inshorar lafiya. A Jihar Kano an zaɓi sunan taimakekeniya domin ya dace da addini da al'adar jama'a.

To, wanda ba shi da abin zubi fa? Wannan shi ne gwamnati take zuba wa.

Daga Ina Kuɗin Suke Fitowa?

Shirin inshorar lafiya na ƙasa ya fara aiki a shekarar 2005. Amma waɗanda suka fi amfana da shi ma'aikatan gwamnatin tarayya ne. Manomi da ɗansa ba su shiga ciki ba.

A shekarar 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan Dokar Lafiya ta Ƙasa. Dokar ta kafa wani asusu domin lafiya a matakin farko. A takardun asibiti ana rubuta sunansa da haruffa biyar, BHCPF. Dokar ta ce cikin kowace Naira 100 da ta shiga babbar baitulmalin gwamnatin tarayya, a ware aƙalla Naira 1 a zuba a asusun. An fara sa kuɗin a kasafin shekarar 2018.

Dokar ta kasa kowace Naira 100 ta asusun gida uku. Naira 50 domin biyan kuɗin maganin mutanen da aka yi wa rajista. Naira 45 domin ƙananan asibitoci, wato sayen magani da kayan aiki, da gyaran gini, da horar da ma'aikata. Naira 5 domin taimakon gaggawa.

A shekarar 2016 Jihar Kano ta yi tata dokar. Ta kafa Hukumar Taimakekeniyar Lafiya, wadda ake rubuta sunanta KSCHMA. An fara da ma'aikatan gwamnati, ana cire wani abu daga albashinsu kowane wata. Ita ce kuma hukumar da take yi wa masu ƙaramin ƙarfi rajista a jihar, ta biya musu daga wancan asusu na tarayya da abin da jiha ta ƙara.

A watan Mayu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar inshorar lafiya. Wannan doka ta ambaci mutanen da ya kamata a ɗauke wa nauyin biya. Su ne yara 'yan ƙasa da shekara 5, da mata masu juna biyu, da tsofaffi, da masu naƙasa, da matalauta.

Abin lura a nan shi ne, wannan kuɗi na jama'a ne, kuma doka ce ta ware shi. Uban da ya nemi a rubuta ɗansa ba bara yake yi ba.

Yadda Ake Shiga

Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484. Manufar shirin ita ce kowace mazaɓa ta sami aƙalla asibiti ɗaya da yake karɓar kuɗin asusun.

Gwarzo tana da mazaɓu 10. Su ne Getso, Gwarzo, Jama'a, Kara, Kutama, Lakwaya, Madadi, Mainika, Sabon Birni da Unguwar Tudu.

Kabo ma tana da mazaɓu 10. Su ne Dugabau, Durun, Gammo, Garo, Godiya, Gude, Hauwade, Kabo, Kanwa da Masanawa.

Mataki na farko, maigida ya san mazaɓarsa, ya kuma san asibitin da aka zaɓa a cikinta. Ba lalle ne ya zama wanda ya fi kusa da gida ba.

Mataki na biyu, ya tanadi takardu. Na farko takardar haihuwar yaro, wadda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa take bayarwa. Ita ce shaidar shekarunsa. Na biyu lambar shaidar ɗan ƙasa, wadda ake kira NIN. Yaro ma yana iya samun tasa idan ɗaya daga cikin iyayensa yana da ita. Na uku katin rigakafin yaro. A haɗa su a leda guda, a ajiye inda ruwa da gara ba za su taɓa ba.

Mataki na uku, ya kai maganarsa ga mai unguwa, da shugaban asibitin, da Kwamitin Ci Gaban Mazaɓa. Wannan kwamiti na mutanen gari ne, maza da mata, masu sa ido a kan asibiti. Su ne za su fara jin ranar da jami'an rajista za su zo. Ana kuma duba rajistar gidajen matalauta da gwamnati ta tattara wajen zaɓen waɗanda za a ɗauka.

Mataki na huɗu, ranar rajista a je da yaron. Za a rubuta sunansa da shekarunsa, a ɗauki hotonsa, a ba shi lamba. A tsaya a karanta abin da aka rubuta. Idan sunan da ke kati ya saɓa da na takardar haihuwa, a nemi gyara nan take. Nan ne amfanin yaƙi da jahilci yake fitowa. Wanda ya iya karatu ya duba wa wanda bai iya ba.

Rajistar masu ƙaramin ƙarfi kyauta ce. Duk wanda ya ce a ba shi na goro kafin ya rubuta suna ya saɓa wa ƙa'ida.

Wajibi ne a faɗi gaskiya a nan. Kuɗin asusun ba su isa su ɗauki kowane yaro ba. Gurbin da ake ba kowace mazaɓa ƙayyadadde ne, mabukata kuma sun fi gurbin yawa. Saboda haka ya kamata mutanen gari su tsaya su ga an fara da waɗanda suka fi kowa bukata, kamar marayu, da 'ya'yan zawarawa, da yara masu sikila, da 'ya'yan naƙasassu. Idan mai hali ya shige gaba, ya cinye rabon maraya.

Misalin Yadda Ake Tambaya

Wasu mutane kunya take hana su tambaya. Ga misalin zance tsakanin magidanci da mai unguwa.

Magidanci: Ranka ya daɗe, na zo ne a kan maganar katin asibiti na yara.

Mai Unguwa: Madalla. Yara nawa gare ka waɗanda ba su kai shekara biyar ba?

Magidanci: Biyu ne, ranka ya daɗe. Uwarsu kuma tana da juna biyu.

Mai Unguwa: Allah Ya raba lafiya. Suna da takardar haihuwa?

Magidanci: Babban yana da ita. Ƙaramar ce ba a yi wa ba.

Mai Unguwa: To, Malam, ka fara da wannan. Gobe ka je asibiti ka tambayi inda ake yi. Ni kuma zan rubuta gidanka in kai wa kwamiti. Ban yi maka alkawarin gurbi ba, amma ranar da masu rajista za su zo, za ka ji shela.

Magidanci: Na gode, Allah Ya ƙara girma. Nawa zan tanada?

Mai Unguwa: Ko kwabo. Wanda ya nemi kuɗi a hannunka, ka zo ka gaya mini.

Abin Da Kati Yake Biya

Yaron da yake da kati za a duba shi ba tare da biyan kuɗi ba. Za a yi masa gwajin jini na zazzaɓin cizon sauro. Za a ba shi maganin zazzaɓi, ko na gudawa, ko na ciwon haƙarƙari, daga cikin magungunan da aka tsara. Mace mai juna biyu da take da kati za ta sami awon ciki da haihuwa a asibiti.

Akwai abin da kati ba ya biya. Ba ya biyan kuɗin mota ko babur zuwa asibiti. Ba ya biyan abincin mai jinya. Ba ya biyan maganin da mutum ya saya da kansa a kemis ko a kasuwa. Akwai kuma wasu manyan ayyuka da ba sa cikin jerin. Saboda haka ko da kati, yana da kyau gida ya ajiye ɗan abin hawa mota.

Kati na mai shi ne kaɗai. Ba a aron sa kamar fartanya. Idan aka kai ƙane da katin wansa, za a rubuta ciwon wani a takardar wani, kuma hakan yana iya jawo kuskuren magani.

Yadda Ake Amfani Da Shi

A fara zuwa asibitin da aka rubuta yaro a cikinsa. Dalili kuwa shi ne, hukuma tana tura wa wannan asibiti kuɗi a kan kowane mutum da ke rajistarsa, ko ya zo ko bai zo ba. Wato an riga an biya. Uwar da ta bar yaro a gida da zazzaɓi alhali yana da kati, kamar wanda ya biya kuɗin mota ne ya tafi a ƙasa.

Idan ciwon ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti, ma'aikaci zai rubuta takardar turawa zuwa babba, kamar Babban Asibitin Gwarzo. A riƙe wannan takarda tare da kati. Ita ce za ta sa hukuma ta biya kuɗin aikin da za a yi a can. Wanda ya tsallake ƙaramin asibiti ba da takarda ba yana iya biya daga aljihunsa.

Akwai alamomin da ba a jira da su ko da dare ne. Su ne idan yaro ya kasa shan nono ko ruwa, ko yana amayar da duk abin da ya ci, ko yana jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko yana numfashi da ƙyar ƙirjinsa yana lotsawa. Da kati ko babu kati, a garzaya da shi asibiti mafi kusa. A nan ne yake da muhimmanci maigida ya ba matarsa izini tun da wuri. Ya ce mata ko ba ya nan, idan ta ga ɗaya daga cikin waɗannan alamomi ta ɗauki yaro ta tafi.

Idan Aka Ce Babu Magani

Wani lokaci mai kati zai je a ce masa magani ya ƙare, ko a ce ya biya. Kada ya yi faɗa da ma'aikaci, kada kuma ya yi shiru ya koma gida. Ya nemi ganin shugaban asibitin cikin ladabi. Idan bai gamsu ba, ya gaya wa shugaban Kwamitin Ci Gaban Mazaɓa. Ya rubuta ranar da abin ya faru da sunan maganin da aka ce babu. Daga nan ana iya kai magana sashen lafiya na ƙaramar hukuma, har zuwa ofishin hukumar a birnin Kano. Kuka da takarda ya fi kuka da baki saurin isa.

Abin Da Ya Faru A Maƙwabta

Ba Nijeriya kaɗai take wannan ƙoƙari ba. A shekarar 2006 gwamnatin Jamhuriyar Nijar ta ce a riƙa duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta a asibitocinta. Iyaye a Maraɗi da Damagaram da sauran wurare suka riƙa kai yara fiye da da. Amma kuɗin da gwamnati za ta mayar wa asibitoci ya riƙa makara, har magani ya dinga yankewa. Darasin shi ne, kati ba ya warkarwa idan kuɗi ba su iso asibiti ba. Shi ya sa ake son kwamitin mazaɓa ya riƙa tambayar abin da ya shigo da yadda aka kashe shi.

Ƙasar Ghana ta yi dokar inshorar lafiya a 2003, ta ɗauke wa yara 'yan ƙasa da shekara 18 biyan zubi. Amma katin nasu sai ana sabunta shi, kuma mutane da yawa sun sha zuwa asibiti su tarar nasu ya mutu. Darasin shi ne, mai kati ya tambayi ma'aikaci ko nasa yana da wa'adi, da abin da zai faru idan yaro ya wuce shekara 5.

Wanda Bai Sami Gurbi Ba

Wanda rajista ta wuce shi kada ya yanke ƙauna. Ya bar sunansa a wurin kwamiti domin zagaye na gaba. Hukumar taimakekeniya tana kuma da tsarin da manomi ko ɗan kasuwa zai biya wa kansa da iyalinsa na shekara guda. A tambayi kuɗin a wurin jami'anta, a biya a karɓi rasit. Lokacin da ya fi dacewa da wannan shi ne kaka, sa'ad da hatsi yake hannu. Ƙungiyar manoma, ko mai hali a gari, suna iya biya wa marayu.

Akwai kuma abubuwan da kowane yaro yake samu kyauta ko ba shi da kati. Allurar rigakafi kyauta ce. Maganin rigakafin zazzaɓi da ake bi gida-gida ana ba yara da damina, daga ɗan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, shi ma kyauta ne. Kada a bari su wuce.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da yaro yake wasa a tsakar gida, ita ce ranar neman takardarsa da katinsa.

Sababbin Kalmomi

Taimakekeniya: haɗa ƙarfi domin a taimaki wanda bukata ta kama.
Asusu: wurin tara kuɗi domin wata bukata.
Rajista: littafin da ake rubuta sunaye.
Gurbi: wurin da aka ware wa mutum ɗaya.
Takardar turawa: takardar da ƙaramin asibiti yake ba marar lafiya ya kai babban asibiti.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin adashi da taimakekeniyar lafiya?
2. A wace shekara aka kafa Hukumar Taimakekeniyar Lafiya ta Jihar Kano?
3. Su wane ne mutane iri biyar da dokar 2022 ta ce a ɗauke wa nauyi?
4. Waɗanne takardu uku ake tanada kafin ranar rajista?
5. Me ya sa ake fara zuwa ƙaramin asibiti?
6. Gidaje 50 kowanne ya zuba Naira 2,000. Nawa aka tara?

Aikin Wata

Kowane ɗalibi ya rubuta sunan mazaɓarsa da sunan asibitin da aka zaɓa a cikinta. Ya rubuta sunayen yaran gidansu waɗanda ba su kai shekara 5 ba, ya sa alama a gaban wanda ba shi da takardar haihuwa. Sannan ajin ya zaɓi mutum biyu su je wurin shugaban kwamitin mazaɓa, su tambayo yara nawa aka rubuta a garin, su kawo wa aji amsa.